Jelani Mai Jarida da Ranar da Aka Tare Hanyar Maiyama

A tashar Jega idan ka ce Jelani kake nema, sai an tambaye ka wanne, don masu wannan suna a yankin ba su ƙirguwa. Amma ka ce Jelani mai jarida, ko mai tallan ruwan leda zai nuna maka gindin dalbejiyar da yake kafe babur ɗinsa, dab da inda motocin Sakkwato ke sauke fasinja. Dogo ne siriri, ya ɗan rankwafa, furfura ta riga shekarunsa isowa. Magana ba ta dame shi ba. Wasu na ɗaukar shirunsa girman kai ne, alhali kuwa mutumin Allah ne da bai iya cika baki da abin da ba shi da tabbas a kai.

Ɗan wani ƙauye ne na bakin gulbi tsakanin Jega da Maiyama, inda ake shinkafa da damina, a yi albasa da rani. Su biyu mahaifiyarsu ta bari, shi da ƙanensa Zayyanu. Duk abin da Allah ya rage wa Jelani na baki, ya ƙara wa Zayyanu, har mutanen gari kan ce rabon maganar gidan mutum ɗaya ya kwashe. Sun taso ba a jin kansu. Gonakinsu na fadama iyaka ɗaya, gidajensu katanga ɗaya, kuma tun da iyayensu suka rasu Jelani ba shi da wanda ya fi Zayyanu a duniya.

Jelani ya yi allo, boko kuwa bai yi nisa ba. Yana iya haɗa manyan baƙaƙen kanun labari in da Hausa aka rubuta, a hankali, leɓe na motsi. Ta Turanci sai dai ya kalli hotuna. Da kabu-kabu ya fara neman abinci, har ranar da Alhaji Sirajo, dillalin jaridu na Jega, ya rasa wanda zai riƙa kai masa kaya Aliero da Maiyama, aka ce masa ga wani yaro can da ba ya tsayawa hira a hanya. Shi ke nan, sana'a ta samu mai ita.

A wancan lokacin jarida jarida ce. Ƙunshin da yake ɗaurewa da robar tayar mota a bayan babur sai ya sa ƙafar baya ta lotsa. Malaman makaranta na jiran ta, ma'aikatan asibiti na jiran ta, masu ofis ba su fara aiki sai sun gan shi. Har manyan dillalan albasa na Aliero suna saye, wasunsu ba don su karanta ba, sai don a gan ta naɗe a hammata ranar kasuwa. Jelani bai taɓa yi wa kowa dariya ba. Shi dai ya san kowace jarida da hannun da za ta shiga, kuma tun kafin ya bar tasha yake jera su bisa yadda gidajen masu su ke biye da juna a hanya.

Daga nan ƙa'idarsa ta samo asali: ba ya sayar wa mutum ɗaya ƙunshi gaba ɗaya, ko nawa zai bayar. Ba wani dogon tunani ya kai shi ga haka ba. A wurinsa kayan amana ne aka ɗora masa, masu su na can suna jira, kuma ba a sayar da abin da yake da mai shi.

An gwada shi a kan wannan. Wata shekara jarida ta buga labarin takin zamani da aka turo don manoman yankin ya bi ta wata hanya ya ɓace. Da hantsi, a kan hanyar Aliero, wata mota mai baƙin gilas ta sha gabansa. Yaran wani babban mutum ne. Da fara'a suka ce uban gidansu na son sayen jaridun duka, zai raba wa jama'a kyauta. Kowa ya san irin wannan rabo: bayan gari ake kai su a cinna musu ashana. Jelani ya ce guda ɗaya ce ba ta da mai ita, in suna so ga ta. Aka ƙwace babur, aka ƙulla masa laifin da bai san hawa ba bai san sauka ba, aka tsare shi. Zayyanu ne ya riƙa kai masa tuwo, ya bi manya ƙafa da ƙafa har aka sake shi. Bayan nan kuwa babu majalisar da Zayyanu bai ba da labarin ba, yana ƙara masa gishiri, har mutane suka haddace. Yayansa, in ji shi, ko bindiga aka ɗora masa ba ya sakin jarida.

Abin da masu baƙin gilas suka kasa, waya ta yi shi ba tare da ta tare kowa a hanya ba. A hankali ƙunshi ya riƙa ramewa. Daga bayan babur ya koma cikin jaka, daga jaka ya koma abin da za a iya soke shi a gaban riga. Masu saye wasu suka yi ritaya, wasu suka riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu kuwa labari na iso musu cikin aljihu tun kafin motar Sakkwato ta taso. Teburin Alhaji Sirajo ya koma wurin cajin waya, jarida ta samu ɗan gefe kusa da kwalin batura. Kuɗin man zuwa Maiyama ya fi abin da ake samu, don haka Jelani ya koma haɗawa da fasinja. Matarsa Ummukulsum kan ce masa shi kaɗai ya rage a ƙasar nan da ke yi wa takarda hidima kamar uwarsa ta haife ta. Sai ya yi murmushi ya ɗauki makullin babur.

A waɗannan shekarun ne kuma sama ta sauya hali. Zafin bazara ya kai inda albasar da aka adana a rudu, rumfar karan da ake jera ta a ciki don ta kai lokacin tsada, take ruɓewa tun kafin a waiwaye ta. Ruwa ya riƙa makara, in ya tashi zuwa kuma ya zo gaba ɗaya kamar da gayya. Tsofaffi suka daina faɗin ranar shuka, don abin da suka gada ya daina aiki. A shekarar da nake ba da labari gulbi ya yi ambaliyar da ba wanda ya taɓa ganin irinta. Ya shanye shinkafa tana gab da fitar da kai, ya rushe gidajen gefen gari, ya tafi da irin albasar da aka yafa don dashen rani. Gonar Jelani na ciki, da shinkafarsa da irinsa.

Manoma suka haɗa kai, kuma da yake bakin Zayyanu ba ya gajiya, shi aka sa gaba. Sun bi duk hanyar da ake bi. Sun tura wakilai, an ba su ruwan sanyi an sallame su. Sun yi magana a rediyo. Samarinsu masu karatu sun ɗora hotuna a waya, suna bayanin sauyin yanayi, suna neman a yashe magudanan ruwa, a yi jinga, a kawo irin da ke jure ruwa. Aka yi ta jajanta musu da baki. Da suka ga abin ba ya motsi, suka yanke shawarar tare babbar hanyar da ta tashi daga Jega ta nufi Maiyama, tunda dai manya ba su jin kuka sai motarsu ta tsaya.

Ana gobe za a fita, wani ya ga labarin a waya. Jaridar da Jelani ke rabawa ta turo wakili kwanakin baya, an zagaya da shi cikin kwalekwale, an ba shi fura. Abin da ya fito shi ne wai manoma ne suka jawo wa kansu, sun sare itatuwa sun yi noma har cikin bakin gulbi, kuma wai wani jami'i da ba a faɗi sunansa ba ya tabbatar tallafi ya isa hannun kowa. Ko ƙwayar shinkafa ba wanda ya gani. Ran mutane ya ɓaci iyakar ɓaci, aka ƙara abu ɗaya cikin shirin gobe: za a ƙona jaridar a tsakiyar kwalta, a ɗauki hoto duniya ta gani. Kuma a duk faɗin yankin mutum ɗaya ne ke ɗauke da ita.

Da safe a tasha Alhaji Sirajo ya miƙa masa 'yan jaridun yana kallon fuskarsa.

"Jelani, mutanenku sun rufe hanya. Ka bar na Maiyama sai gobe, ko ka zagaya ta daji."

"Masu su na jira, Alhaji," in ji Jelani. Zagayawa kuwa bai ga dalilinta ba. Bai saci komai ba, kuma waɗanda ke kan hanyar ba baƙi ba ne.

Tun daga nesa wari ya tarbe shi. Mutanen Aliero da Sabiyal sun kawo ruɓaɓɓiyar albasa a amalanke sun juye a kan kwalta, an jibga karan shinkafar da ruwa ya kashe a kai, baƙi ƙirin da laka. Bayan tulin an shimfiɗa tabarmi, tsofaffi na zaune da carbi. Mata sun jera tukwane a kife. Manyan motoci sun yi layi har inda ido ya ƙare, direbobi na ta zage-zage. Gaskiya dai a faɗe ta, masu zanga-zangar ba su taɓa kowa ba. A gabansa aka janye tabarma aka ba wata mota hanya saboda mai naƙuda da ke ciki. Mutane ne da ruwa ya cinye wa shekara guda, ba su da abin nunawa sai abin da ya ruɓe.

Jelani ya kashe babur ya sauko yana turawa. Zayyanu ya taso daga cikin jama'a, rigarsa duk laka.

"Yaya, an tashi lahiya? Mun san kana tahe. Kawo jaridun ga."

"Mi za ku yi da su?"

"Ƙone su za mu yi, nan bisa kwalta. Ka ji abin da sunka rubuta?"

"Na ji."

"Sun ce mu munka jawo ma kanmu ruwa. Sun ce an ba mu tallahi. Kai an ba ka? Gonakka ba ta cikin ruwa?"

"Tana ciki."

"To, kawo."

Jelani ya dafa gaban rigarsa inda jaridun suke. Jama'a sun fara matsowa, samari sun ɗaga wayoyi. Ya san kusan kowace fuska. Ga wanda suka yi allo tare, ga surukinsa, ga maƙwabcin da ya taya shi kwashe kaya ranar da ruwa ya shigo.

"Da masu su, Zayyanu. Akwai guda da ba ta da mai ita. Ɗauki, ka karanta ma jama'a su ji, in ka so ka ƙone ta."

"Ba guda muka so ba. Duka. Ba mu son ƙaryag ga ta shiga gidan kowa. In kuɗi na, mu biya ka."

"Waɗancan ma sun ce su biya."

Da Jelani ya san yadda maganar za ta sauka, wataƙila da ya haɗiye ta. Mutum ne da bai saba magana ba, bai san nauyinta a bainar jama'a ba. Fuskar Zayyanu ta sauya.

"Mu kaka haɗawa da ɓarayin taki? Ni da nik kai maka tuwo kana tsare? Waccan rana gaskiya ta'a cikin takarda, shi yas sa munka tsaya maka. Yau ƙarya ta, kuma kai ma kai anka yi ma ita!"

"Na sani ƙarya ta," in ji Jelani. "Amma in nib ba ku yau, gobe wani shi tare ni shi ce shi ma ƙarya anka yi mai. Ni ba ni iya rabewa. Kai musu kawai nika yi."

Aka yi ca. Wasu na cewa a ƙwace, wasu na cewa an saye shi. Wani saurayi ya kai hannu ga babur. Sai limamin garinsu, wanda ke zaune a tabarma, ya ɗaga hannu ya ce ba a fito don a taɓa kowa ba, a ba shi hanya. Mutane suka dare ba da son ransu ba.

Zayyanu ne na ƙarshen matsawa. Ya kalli yayansa ido cikin ido.

"Wuce, mai jarida."

Tun da Zayyanu ya iya magana bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Yaya. Jelani ya ji abin har cikin ƙashinsa. Ya tura babur ta gefen tulin albasar, takalminsa na nutsewa cikin ruɓa. Wata albasa ta same shi a gadon baya, bai waiwaya ya ga wanda ya jefa ba.

Abin takaicin yana Maiyama. Ofishi na farko a kulle, mai shi ya maƙale a layin motoci. Mai ofishi na biyu ya ce a ajiye a tebur, ai ya riga ya gani a waya tun jiya, bai ma ɗago kai ba. Wani ya ce daga wannan watan a daina kawo masa. Jelani ya tsaya a rana da sauran jaridun a hannu, warin albasa na tashi daga rigarsa, yana tambayar kansa ko saboda wannan ne ya tozarta ɗan'uwansa a gaban duniya.

Mutum ɗaya ya samu yana jira da gaske: Malam Waliyyu, tsohon hedimasta, wanda ya fi kowa daɗewa yana saye a hannunsa. Yana zaune a ƙofar gida, tabarau a hanci. Jelani ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya roƙe shi ya karanta masa labarin. Malam ya karanta yana fassarawa, sannu a hankali. Abin ya fi yadda Zayyanu ya faɗa muni. Har sunan garinsu an ambata, an kira su mutanen da ba su jin gargaɗi. Ga hoton fadamarsu cike da ruwa, kuma a gefen hoton Jelani ya gane kan giginyar da ke iyakar gonarsa da ta ƙanensa.

Malam Waliyyu ya naɗe jaridar ya cire tabarau.

"Ƙarya ta, Jelani. Amma gara da nig gani da idona. In an ƙone ta, sai dai a ba ni labari."

Jelani ya yi godiya ya tashi. Maganar ba ta sanyaya masa rai ba ko kaɗan. A komowa ya bi ta daji.

Kafin la'asar an buɗe hanya, bayan wasu manya sun zo sun yi alkawura. Wasu an cika, yawanci ba a cika ba. Hoton gardamar 'yan'uwan biyu kuwa ya zagaya wayoyi. Mutanen birni suka rabu, masu cewa Jelani gwarzon 'yancin jarida ne, da masu cewa karen masu kuɗi ne. Ni dai abin da ke ba ni haushi, a cikin masu yabon nan babu wanda ya tuna rabon da ya sa hannu a aljihu ya sayi jarida. Sun yi yabonsu kwana biyu suka koma wani zance, suka bar mutum da garinsu.

A gari ba wanda ya zage shi. Da ma zagin aka yi, da ya fi sauƙi. In ya yi sallama a majalisa a amsa a taƙaice, hira ta mutu sai ya tashi. A masallaci Zayyanu ya sauya sahu. Ƙofar da ke tsakanin gidajensu, wadda matansu ke bi su ari gishiri, aka jingina mata tsohon kwanon rufi. Ummukulsum ta ce ya je ya ba ƙanensa haƙuri. Ya ce zai iya ba da haƙuri a kan maganar da ya faɗa, amma in aka sake tare shi gobe, abin da ya yi shi zai sake yi, kuma Zayyanu ya san haka. Ya je har sau biyu, aka ce masa mai gidan ba ya nan, alhali takalmansa na bakin ƙofa.

Da sanyi ya fara shigowa, wata safiya direban motar Sakkwato ya sauko hannu rabbana. Kamfanin ya daina turo jarida wannan yanki, ba ta biyan kuɗin mota. Babu wanda ya tare ta, babu wanda ya ƙone ta. Alhaji Sirajo ya share gefen teburin ya ƙara jera caja. Jelani ya ɗan tsaya a gindin dalbejiya, sannan ya ɗauki fasinja zuwa Aliero. Har yau mai jarida ake ce masa.

Lokacin dashen albasa ya zo, ruwa ya janye, kowa ya duƙufa. Jelani ya gyara fangalinsa tsaf, amma ba shi da iri, kuma wanda ake samu a kasuwa ya fi ƙarfinsa. Waɗanda suka yafa nasu a tudu sun tsira da kaɗan, suna raba wa dangi. Bai tambayi kowa ba. Ya san amsar da zai samu, ko kuma yana tsoron ya sani.

Wata safiya yana zaune a zaure bayan ya dawo masallaci, sai ga Zayyanu da kwando a ka, an rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. Ya sauke a bakin ƙofa. Irin albasa ne, kore shar, da ƙasarsa a jiki, wanda zai ishi gonar Jelani har ya yi saura. Jelani ya miƙe da sauri, har gwiwarsa ta bugi dakali.

"Zayyanu. Shigo mana. Zayyanu!"

Zayyanu bai yi sallama ba da ya zo, bai yi ba da zai tafi. Ya gyara buhun a kan kwandon don kada rana ta taɓa irin, ya juya ya kama hanyar fadama.

Jelani ya dasa irin shi da matarsa. Ya kama, albasar ta yi kyau a shekarar, gonakin biyu na kallon juna, kowa na ban ruwa a gefensa. Har aka cire ta aka kai kasuwar Aliero, Zayyanu bai sake ce masa Yaya ba.